Dokin bariki a lambun sarki: waiwaye kan cikakkiyar gasa ta Versailles

Ranar Lahadi 28 ga watan Yuli na shekarar 2024, mutane kimanin 40,000 suka cika lambun fadar Versailles, yamma da birnin Paris, domin su ga dawakai na sukuwa. Ruwan da aka wuni ana yi ranar Asabar ya ɗauke, gari ya washe. Hoton da ya fi yawo a duniya daga wannan wuni shi ne na mahayi guda bisa wata gada ta wucin gadi da aka shimfiɗa a kan babban tafkin nan mai siffar gicciye da ake kira Grand Canal: ruwa dama, ruwa hagu, can nesa kuma ginin fadar sarki Luwi na 14 yana ƙyalli cikin rana. Wanda ya ga hoton ba ya bukatar tafinta. So aka yi ya fahimci abu biyu, cewa doki ya dawo gida, kuma wasan da ake yi ɗan wannan gida ne. Magana ta farko gaskiya ce. Ta biyu kuwa tana bukatar a zauna a tantance ta, domin a kanta aka ɗora dukan adon da aka yi wa gasar.

Wasan da ake magana a kai shi ne wanda Faransawa ke kira concours complet, wato cikakkiyar gasa. Doki ɗaya da mahayi ɗaya ne za su fuskanci jarrabawa uku cikin kwana uku. Ta farko gwajin ladabi ce: a cikin fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, doki zai yi tafiya da sassarfa da sukuwa mai taushi, ya karkata, ya sauya ƙafa, ya tsaya cik, ba tare da an ga mahayi yana kokawa da linzami ba. Ta biyu keta dawa ce, inda za a bi hanya mai nisa a guje ana tsallake gungume da rami da tudu, ana faɗawa ruwa ana fita. Ta uku tsallaken sanduna ce a fili, sandunan da ko kofato ya ɗan shafe su sai su zube. Kurakurai ake ƙidayawa, wanda ya fi ƙarancin makin kuskure shi ne gwani. A Versailles, cikin wasannin Olamfik na 2024, ƴan Ingila ne suka ɗauki zinariya ta rukuni da maki 91.3, Faransa ta bi su da 103.6, Japan ta zo ta uku da 115.8. A gasar ɗaiɗaiku Bajamushe Michael Jung ya yi nasara a kan dokinsa Chipmunk, karo na uku ke nan da ya ci wannan zinariya bayan 2012 da 2016, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin shi.

Idan aka ɗauki wunin keta dawa a matsayin aikin fasaha, kamar yadda ake ɗaukar wasan kwaikwayo ko zane, to dole a ba mai shi haƙƙinsa. Pierre Le Goupil, wanda ya tsara hanyar, an ba shi wuri mai wuyar sha'ani. Lambun da André Le Nôtre ya shata a ƙarni na 17 shimfiɗaɗɗe ne, hanyoyinsa miƙaƙƙu ne kamar an ja su da zare, kuma tun 1979 yana cikin jerin wuraren tarihi na hukumar UNESCO, saboda haka ba a sare itace ko a tona ƙasa yadda aka ga dama. Keta dawa kuwa tudu da gangare take so. Duk da haka ya fitar da hanya mai ɗan fiye da kilomita 5, wadda aka ƙayyade wa minti 9 da daƙiƙa 2, yana shigar da dawakai cikin inuwar kurmi yana fito da su cikin haske, yana ratsa tafkin da su, yana sa mahayi ya yi lissafi a inda ido ke ce masa ya saki linzami. Hanyar ta tace gwanaye ba tare da ta karya raunana ba, kuma wannan shi ne abin da ake nema ga gasar Olamfik, inda ƙasashe masu tsohon hannu ke haɗuwa da sababbin shiga. Ta wannan fuska aikin ya yi kyau, babu mai ja.

Inda gardama take shi ne labarin da aka naɗe aikin a ciki. Fadar Versailles gidan doki ce, ko shakka babu. Tsakanin 1679 da 1682 maginin sarki, Jules Hardouin-Mansart, ya gina manyan barga biyu a gaban ƙofar fada, waɗanda baƙo kan ɗauka su ma fada ce. A cikinsu aka raini makarantar hawa da ta yi suna a Turai duka, har aka rufe ta a 1830. Tun 2003 kuma makarantar Bartabas take zaune a babbar bargar tana nuna wasanninta. A lokacin gasar ma fadar ta buɗe baje kolin zane-zane da sirada da kayan doki, wajen guda 300, ƙarƙashin sunan Cheval en majesté. To amma hawan da aka koyar a Versailles hawan cikin gida ne, na rufaffen fili mai yashi, inda ake horar da doki shekara da shekaru ya tattara ƙarfinsa a ƙafafun baya, ya yi rangwaɗa a wuri ɗaya, domin ya dace da darajar wanda ke bisa. Hawan nuna sarauta ne. Burinsa a ga sarki bisa dabba mai ƙarfi wadda ta sallama masa sarai, talaka ya duba ya ɗauki darasi. Daga cikin jarrabawa uku na cikakkiyar gasa, ta farko kaɗai ce za ta iya cewa tana da jini a wannan gida, ita ma ta wajen kaka.

Asalin wasan yana bariki. A ƙarshen ƙarni na 19 rundunonin sojan doki na Turai sun shiga gasar nuna wa juna juriya, suna shirya tafiye-tafiye masu nisa da babu tausayi a cikinsu. Mafi shahara ita ce ta 1892 tsakanin Berlin da Vienna, wajen kilomita 580, wadda hafsoshin Jamus da na Ostiriya suka yi. Dawakai da dama suka mutu a hanya ko bayan isowa, har da dokin wanda ya zo na farko. Bayan irin wannan ɓarna ne aka fara neman gwajin da zai auna dokin hafsa ta kowace fuska ba tare da an kashe shi ba. A 1902 aka yi gasar farko ta wannan tsari a Faransa, kuma sunanta kaɗai ya isa shaida: Championnat du cheval d'armes, gasar zakaran dokin yaƙi. Da wasan ya shiga Olamfik a Stockholm a 1912, sunansa Military, kuma hafsoshin da ke bakin aiki kaɗai aka yarda su hau. Sun yi tafiyar kilomita 55 a wuni guda, da keta dawa a cikinta, suka yi tseren shinge na mita 3,500, suka yi tsallaken sanduna, sa'an nan a ƙarshe aka gwada ladabin dokin, don a ga ko bayan duk wannan wahala yana jin magana. Kowace jarrabawa amsa ce ga tambayar kwamanda. Dokin nan zai tsaya a sahu ranar fareti? Zai kai saƙo ta cikin gonaki da ƙoramu in hanya ta yanke? In ya kai, gobe da safe zai iya ɗaukar sirdi kuma?

Saboda haka in ana neman gidan uban wannan wasa a Faransa, Saumur za a nufa, garin da ke bakin kogin Loire, inda makarantar sojan doki ta kafu sosai tun 1825, inda kuma malaman hawa masu baƙaƙen kaya, Cadre Noir, suke har yau. Masu kare zaɓen Versailles suna da hujja guda mai ɗan nauyi: Comte d'Aure, wanda ya zama shugaban malaman hawa na Saumur a 1847 ya kuma tura hafsoshi su fita fili su yi sukuwa da tsallake, a Versailles ya koyi hawa. Suna iya ƙarawa da cewa sarakunan Faransa mafarauta ne, kuma dazuzzukan da ke kewaye da fadar sun sha jin kofato. Wannan duka haka ne. Sai dai zaren siriri ne, kuma d'Aure ya yi suna ne daidai saboda ya fitar da hawa daga rufaffen fili ya kai shi inda soja ke bukatarsa. Waɗanda suka ɗaukaka Faransa a wannan wasa ma ƴan kaki ne: kyaftin Bernard Chevallier da goɗiyarsa Aiglonne a 1948, Jean-Jacques Guyon na Saumur da dokinsa Pitou a 1968, har zuwa laftanan-kanar Thibaut Vallette da ke cikin rukunin da ya ci zinariya a Rio a 2016.

Me ya sa aka fi son a tuna da sarki a manta da soja? Amsar ba ta da nisa. Sarki ya mutu da daɗewa, an yanke kan ɗaya daga cikin zuriyarsa, an yafe wa gininsa, yanzu miliyoyin baƙi ke biyan kuɗi su shiga su yi kallo. Tarihin sojan doki kuwa har yanzu da sauran wari. A yaƙin 1914 zuwa 1918 Faransa kaɗai ta yi asarar dawakai da alfadarai fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu ba a fagen karo ba, a wajen jan igwa da kaya cikin taɓo, da yunwa da cuta. Wannan ba labarin da ake so a ba mai kallon talabijin da yammacin Lahadi ba ne. Akwai kuma ɓangaren da mai karatu a Damagaram ko Maraɗi ya fi ɗan Paris sani. Rundunar da ta haifi gasar 1902 ita ce wadda ta aiko da tawagar Voulet da Chanoine, da ƴan tirayer da mahayan spahi a cikinta, wadda ragowarta ta kara da dakarun sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini cikin watan Yuli na 1899. A ranar barade suka ga abin da bindiga mai saurin ɗuri ke yi wa dawakai masu tahowa a sahu. Shekara uku kacal bayan haka hafsoshin Turai suka zauna suna tsara gwajin dokin yaƙi, kamar darasin Tirmini na baƙaƙen fata ne kaɗai. Sai a 1914 ya iso kansu. Ashe wasan an haife shi ne dab da mutuwar sana'ar da aka yi shi dominta, kuma wannan shi ne abu mafi ban sha'awa a tarihinsa, abin da adon Versailles ya rufe ruf.

A nan kwatanci da hawan sallah yana da amfani, in ba a ja shi da nisa ba. Shi ma dokin yaƙi ne da ya rasa yaƙi ya koma biki. Amma hawan sallah bai ɓoye mafarinsa ba: ga lifidi, ga sulke, ga mashi da takobi, ga sarautun Madawaki da Shamaki da Barde, ga jafi da ake tahowa a guje a ja zamiya gaban sarki a ɗaga hannu. Yaro ƙarami da ya tsaya bakin hanya ya san cewa waɗannan mutane dā mayaƙa ne. A Versailles kuwa sai mai ido ne zai tsinci ɓurɓushin bariki, a jikin wasu mahayan Italiya da har yanzu ke hawa da kayan sarki, ko a gaisuwar da mahayi ke yi wa alƙalai kafin ya fara gwajin ladabi. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. An ara wa wasan rigar fada, ta yi masa kyau ƙwarai a hoto, amma duk wanda ya san takunsa ya gane ɗan bariki ne.

Abin takaici shi ne tarihin gaskiya ya fi na aron daɗin ji. Tarihi ne na ƙofofi da aka buɗe ɗaya bayan ɗaya, ana turjiya. A wasannin 1948, rukunin Suwidin ya ci zinariya a gasar ladabin doki, ƴar uwar wannan gasa. Daga baya aka gano cewa ɗaya daga cikinsu, Gehnäll Persson, saje ne da aka yi wa ƙarin girma na ɗan lokaci don ya samu shiga, sai aka ƙwace zinariyar aka miƙa wa Faransa. Laifinsa kawai shi ba hafsa ba ne. Da aka soke wannan doka ya dawo ya sake cin zinariya a 1952 da 1956. Mata kuwa sai a 1964, a Tokyo, aka bar ta farkonsu, Ba'amurkiya Lana du Pont, ta hau cikakkiyar gasa ta Olamfik, domin an daɗe ana cewa keta dawa ta fi ƙarfin mace. Aka yi shekara 57 kafin Bajamushiya Julia Krajewski ta ci zinariyar ɗaiɗaiku, a birnin na Tokyo dai, a 2021. A Versailles biyu daga cikin mahaya uku na Ingila da suka ci zinariya mata ne, Ros Canter da Laura Collett, kuma Collett ce ta kafa sabon tarihi a gwajin ladabi da maki 17.5. A rukunin Faransa babu soja ko ɗaya, babu ɗan sarauta: Nicolas Touzaint, da Stéphane Landois, da Karim Laghouag, haifaffen Roubaix, garin masaƙu na arewa. Wasan da ya fara da korar saje ya kai ga wannan. Ga abin da ƙasar da ke alfahari da jamhuriya za ta yi tutiya da shi, amma ta zaɓi ta nuna gidan Luwi.

Kalmar gadon ƙasa ma sai an yi hattara da ita, domin wasan ba na ƙasa ɗaya ba ne, kuma kowace ƙasa ta ƙera masa kakanni daidai da son ranta. Ingilishi sun ɗora shi a kan gandayen manyan masu ƙasa da farautar yanyawa. Bayan sun sha kunya a gida a wasannin 1948, sai Duke na Beaufort na 10 ya buɗe gandunsa na Badminton a 1949 don a riƙa horar da mahaya, Burghley ta biyo baya a 1961, har yau kuma waɗannan biyu su ne maƙurar burin kowane mahayi. Wanda ya kalli Badminton zai rantse wasan a lambun attajiran Ingila aka haife shi, kamar yadda wanda ya kalli Versailles zai rantse a fadar Faransa ne. Jamusawa sun daɗe suna kiransa Military kafin su sauya masa suna. Japan kuwa, tagullar da ta samu a 2024 ita ce lambarta ta farko a wasan doki tun 1932, shekarar da Takeichi Nishi ya ci zinariyar tsallaken sanduna a Los Angeles a kan dokinsa Uranus. Nishi hafsan sojan doki ne, daga baya aka mayar da shi rundunar tankoki, ya mutu a tsibirin Iwo Jima a 1945. Ko ta ina aka tona, kaki ake tararwa.

Za a iya cewa wannan duk gardamar malamai ce, doki bai san Luwi ba, bai san Saumur ba. Da haka ne da an bar maganar. Amma labarin da wasa ke bayarwa game da kansa shi ke nuna abin da zai riƙe da abin da zai yar in tura ta kai bango, kuma ta kai. Tun daga wasannin Atina na 2004 aka datse doguwar tafiya da tseren shinge daga gasar Olamfik, aka bar keta dawa ita kaɗai. Sidni a 2000 ce ta ƙarshe da aka yi tsohon tsari. Daga kilomita 55 an dawo 5. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: fili, da kuɗi, da lokacin talabijin, da barazanar fitar da wasan daga Olamfik ɗungum. An samu sauƙi, an kuma yi asara. Tsohon tsari yana tilasta wa mahayi ya san numfashin dokinsa, ya yi watanni yana gina masa ƙarfi, ya san lokacin da zai sauka ya ja shi da ƙafa. Sabon tsari ya fi son doki mai kyan taku a gwajin ladabi da kaifin ido a shingaye masu sarƙaƙiya. Mahaya na gardama har yau kan wanne ya fi aminci. Abin lura dai shi ne ɓangaren da aka yar shi ne wanda ya fi kowane kusa da tambayar kwamanda, kuma an yar da shi cikin sauƙi domin an riga an daina ba da labarin da ke bayyana amfaninsa.

Haɗari kuwa bai tafi ko'ina ba. A 1999 mahaya biyar suka mutu a gasannin Ingila cikin ƴan watanni, akasari ta hanyar faɗuwar da doki ke bugun shinge da ƙafafun gaba ya wuntsila ya danne mai shi. Daga nan ne aka fara, tun 2002, sanya wasu ƙusoshi masu karyewa da ke sakin gungume in bugun ya yi tsanani. Sun ceci rayuka, ba su kawar da mutuwa ba. Dokin da Stéphane Landois ya hau a Versailles, Chaman Dumontceau, shi ne wanda matashiyar mahayiya Thaïs Méheust take bisa ranar da ta faɗi ta rasu a Haras du Pin a watan Satumba na 2019, tana da shekara 22. Landois ya karɓi dokin ya kai shi inda ta yi burin kai shi. Jama'ar da ke bakin igiya a ranar Lahadin nan da yawansu sun san labarin, kuma ihun da suka yi sa'ad da farin dokin ya wuce ba don Luwi na 14 suka yi shi ba. In akwai gado a wannan wuni, to ga shi nan: doki ya fita daga hannu ya shiga hannu, da nauyin wanda ya riga ya tafi.

Ta wani gefen kuma jama'ar Turai sun fara tambayar ko ya halatta a sa dabba cikin irin wannan kasada don nishaɗi. Kwana uku kafin buɗe wasannin, fitacciyar mahayiyar Ingila a gasar ladabi, Charlotte Dujardin, ta janye bayan fitar wani hoton bidiyo da ya nuna ta tana zabga wa doki bulala a ƙafafu. Daga baya hukumar wasan doki ta duniya ta dakatar da ita shekara guda. Gasar nan mai wasanni biyar da ake kira pentathlon, wadda ita ma ƴar bariki ce ƴar 1912, ta yi hawanta na ƙarshe a Versailles, domin bayan abin da ya faru da doki Saint Boy a Tokyo a 2021 an yanke shawarar cire doki daga cikinta. A irin wannan yanayi ne masu wasan ke rugawa su fake a bayan kalmar gado. Suna tuna wa duniya cewa a 2011 UNESCO ta sanya hawan gargajiya na Faransa cikin jerin al'adun ɗan Adam, kuma abin da aka yaba a cikinsa shi ne jituwa tsakanin mutum da doki ba tare da tilas ba. Sai dai gini ba ya ba da amsa ga wanda ya ga bulala. Fada mai ƙyalli a bayan hoto tana iya ma ƙara wa mai suka ƙarfi, ya ce ai dama wasan masu hannu da shuni ne. Abin da zai iya ba da amsa shi ne tsohuwar ƙa'idar bariki, wadda ba tausayi ne ya haife ta ba, lissafi ne: hafsan da ya kashe dokinsa yau, gobe a ƙasa zai tafi, don haka nasarar da ta bar doki gurgu ba a ƙidaya ta.

Wannan ƙa'ida tana nan da rai a wani ɓangare na gasar da talabijin ba ta cika damuwa da shi ba. Da safiyar kwana na uku, kafin tsallaken sanduna, kowane mahayi zai zo a ƙasa, riƙe da ragama, ya gudu da dokinsa a kan tsandauri gaban alƙalai da likitan dabbobi, babu sirdi, babu abin da zai ɓoye ɗingishi. Ranar Litinin 29 ga watan Yuli, Japan ta zo wannan dubawa tana matsayi na uku, shekara 92 rabonta da lamba. Alƙalai suka ga abin da bai kwanta musu ba a takun goɗiyar Ryuzo Kitajima, Cekatinka, suka tura ta gefe a sake duba ta. Aka janye ta. Doka ta yarda a sako mahayin ajiya, amma da tarar maki 20, wadda ta jefa Japan matsayi na biyar. Toshiyuki Tanaka, wanda ya zo Versailles a matsayin ɗan jiran ko-ta-kwana, ya ɗaura sirdi ya shiga fili. Da rana ta yi, ƙasashen da ke gabansu suka zubar da sanduna, su uku ba su zubar da ko ɗaya ba, suka koma na uku. Da aka zo zagayen girmamawa, Kitajima ba shi da abin hawa, sai ya bi abokansa a guje da ƙafa, tagulla na lilo a wuyansa, goɗiyar tana barga tana cin ciyawa.